Malam Lirwanu Gummi, Malamin da Ya Zauna Na Koya Masa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 17 ga watan Satumba na shekarar 2019, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Lirwanu Abdullahi Gummi, malamin kemistiri da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana koyarwa a makarantun sakandaren Gummi, Bukkuyum da Anka. Ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a Anka, garin da ya zauna da iyalinsa. Ni Hamida, 'yar Yargalma, ɗaya ce daga cikin ɗalibansa.

Malam, na ɗauki alƙalami da niyyar in yi kuka a kan takarda. Amma duk abin da na tuno game da kai, sai in tsinci kaina ina murmushi, wani lokacin har da dariya. Don haka iyalinka su yi mini afuwa idan wannan ta'aziyya ta fito da fara'a. Haka ka rayu, ban san yadda zan ba da labarinka a wata siga ba.

Ina aji biyar a makarantar 'yan mata aka kawo ka. Ranar farko ka shigo da sauri kamar an biyo ka, hularka ta karkace, hannunka riƙe da butar zoɓo. Muka ɗauka ƙishirwa ke damunka. Ka zuba zoɓon a kofunan gilashi, ka matsa lemun tsami a ɗaya, ya ƙara ja jawur. Ka jefa kanwa a ɗayan, nan take ya rikiɗe ya yi duhu ya koma kore-kore. Sai ka buga tebur kana cewa, "Kun gani! Kun gani!" kamar ranar ka fara ganin abin. Daga baya muka ji cewa shekara da shekaru kana yin wannan gwaji, kuma kowace shekara haka kake ihu. Ɗakin gwaje-gwajenmu ba shi da kayan kirki, amma ba mu taɓa jin mun rasa komai ba, domin kicin ɗin matarka, Malama Habsu, ya ishe ka.

A wannan shekarar ce, 2010, yara suka yi ta mutuwa a garinmu. Ana daka dutsen zinari ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurarsa na sauka inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Ƙanena Makau bai cika shekara uku ba jijjiga ta kama shi, ya rasu a hannun Inna. Da na dawo makaranta ka kira ni ka yi mini gaisuwa. Na tambaye ka yadda za a yi ƙurar dutse ta kashe yaro. Ka ce, "Na san dalma a cikin kwalba, amma abin da take yi cikin jikin ɗan Adam ban san shi duka ba. Likitoci sun sani. Ki tahi ki karanto, ki dawo ki gaya mini." Da wannan maganar na cika takardar neman shiga jami'a, na zaɓi likitanci, Allah kuma Ya ba ni gurbi a Sakkwato.

Duk wanda ya bi ta hannunka ya san zaman washegarin ƙaramar Sallah. Ɗalibanka da ke jami'o'i da kwalejoji mukan taru a gidanka, maza a tabarma ɗaya, mata a wata, Malama Habsu na aiko da waina da miyar taushe. Kai kuma ka zauna a tsakiya ka tayar da gardamar da ka fi so a duniya: wane kwas ne ya fi kowanne wuya?

Zayyad na Adabka, mai karatun injiniyan lantarki, shi ke fara tashi. Yakan ce lissafinsu na aji uku ba shi da tausayi, domin kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Wanda zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda, in ya dawo sai ya tarar allo ya cika da alamomin da bai taɓa gani ba. Ga shi abin da ake lissafawa ba a ganinsa da ido, ba a taɓa shi da hannu, wanda ya taɓa ma ba ya dawowa ya ba da labari. Williams, ɗan ma'aikaciyar jinya da ta zo aiki Anka daga kudancin Kaduna, yana karatun harhaɗa magunguna, shi kuwa rantsuwa yake yi cewa oganik kemistiri ne ke korar mutane daga makaranta. Ya ce sinadari biyu za ka gani, kayan haɗinsu ɗaya, sai dai ɗaya ya juya dama ɗaya ya juya hagu, amma aikinsu a jiki ya bambanta. Sai ka iya juya siffar abu a cikin kanka, hadda ba ta ceton kowa. Ni kuma in ce duk wasa suke yi, anatomi ne uban wuya. Kowace jijiya da sunanta, da inda ta fito, da inda ta nufa, da maƙwabtanta, kuma sunayen duk da wani tsohon harshen Turawa. Sannan a gaban gawar mutum ake koyonsa, warin maganin da aka adana ta da shi na sa ido hawaye, ka fito ka kasa cin nama.

Kai kuwa murna kamar an ba ka kujerar Makka. Kana zuga wannan, kana tunzura wancan, kana tafa hannu. In an gaji sai ka yanke hukunci, ka ce kowa ya yi gaskiya, amma kowane kwas da irin nasa dukan: anatomi da yawa yake kayar da mutum, lissafi da sarƙa, oganik kuma da siffa. Sannan ka ba mu labarin yadda fizikal kemistiri ya kayar da kai har sau biyu a kwalejin horon malamai, kana ba da labarin kana dariya har da hawaye. Ka ce a karo na uku ne ka gane cewa tsoron malamin kake yi, darasin kansa ba ruwansa.

A damina ta 2015 nawa dukan ya zo. Akwai babbar jarrabawar da ke tsakanin ɗalibin likitanci da shiga asibiti, darussa uku ne: anatomi, fiziyoloji mai bayanin yadda gaɓoɓi ke aiki, da biyokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke aiki a cikin jiki. Na ci biyun farko, na faɗi na ukun. Aka ba ni damar sake rubutawa bayan 'yan watanni. In na sake faɗi sai maimaita shekara, kuma mun ga waɗanda daga nan aka sauya musu kwas gaba ɗaya. Biyokemistiri ya haɗa duk abin da muke gardama a kai: yana da yawa, yana da sarƙa, yana da siffa. Na yi hadda har kaina ya yi zafi, na shiga ɗakin jarrabawa komai ya watse. Na tattara littattafaina na koma Yargalma, na kashe waya, na ce wa Inna na gama da boko.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Wanda ya san hanyar garinmu da damina ya san abin da nake nufi. Sai ga ka, Malam, taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Inna ta riƙe baki ta ce, "Malam, cikin wannan caɓi kuka taho?" Ka ce, "Inna, ɗiyarki na aika ta karanto mini amsa, ta riƙe ta ta gudo gida. Ita na biyo."

Na durƙusa na gaishe ka, na ce, "Allah gafarta Malam, na hwaɗi."

Ka ce, "Mi kika hwaɗi?"

Na ce, "Biyokemistiri."

Sai fuskarka ta washe. Ka ce, "Shi kaɗai? Cikin ukku? Ke nan kin ci anatomin da kike tsorata mu da shi? Allahu akbar! Inna, ɗiyarki ta san sunan kowace jijiya da ke jikinki!" Ni ina kuka kai kana murna, Inna ta rasa wanda za ta bi.

Ka sa na ɗauko littafin. Ka yi ta buɗa shi kana girgiza kai, kana cewa ashe duk wannan aiki a cikin jikinka ake yin sa ba ka da labari. Sannan ka ce ba za ka iya koya mini ba, domin ba ka karance shi ba, amma kana son ka sani, don haka ni zan koya maka. Ka roƙi Inna ta bar ni in zauna gidan gwaggona a Anka har lokacin jarrabawa.

Ban taɓa samun ɗalibi mai wahalarwa irinka ba. Kullum da hantsi nakan zo gidanka, Malama Habsu na gefe tana tsintar shinkafa, ni ina tsaye gaban allon da ka jingina a bango, kai kana zaune a tabarma kamar ɗan aji ɗaya. Da na faɗi abu sai ka ce, "Don mi?" In na maimaita yadda littafi ya rubuta, sai ka ce ba ka ji Turanci ba yau, in faɗa da Hausa. A nan na gane cewa abin da na kasa faɗa da Hausa ban fahimce shi ba, haddace shi kawai na yi. Sau da yawa nakan tsaya cak, in koma in karanta, in dawo washegari. In bayani ya fito daidai kuwa, sai ka miƙe tsaye kana kiran Malama Habsu ta zo ta ji yadda tuwon da ta tuƙa ke zama ƙarfi a jiki.

Wata rana muka iso darasin yadda jiki ke ƙera sinadarin da ke sa jini ja, wanda ke ɗaukar iska ya kai ko'ina. Mataki-mataki ake ƙera shi, kowane mataki da ma'aikacinsa. A da na haddace sunayensu na wuce. Ranar ina zana su a allo sai na ga ƙaramin rubutu a gefen shafin: dalma tana kama biyu daga cikin ma'aikatan nan ta hana su aiki, ɗaya kusa da farko, ɗaya a matakin ƙarshe inda ake saka ƙarfe. Shi ya sa jinin yaro ke ƙarewa. Sannan tana haurawa ƙwaƙwalwa, wadda a wurin ƙaramin yaro ba ta gama ƙwari ba, daga nan jijjiga ke zuwa. Na faɗa maka da Hausa, a hankali. Ka zabura ka ce, "Nan ne! Ashe nan take kamawa!" Sai kuma ka koma ka zauna, ka cire hularka, ka ce, "Makau." Ka ɗaga hannu ka yi addu'a ga shi da dukan yaran Yargalma, Tungar Daji da sauran garuruwan. Da ka shafa ka dube ni ka ce, "Kin kawo amsa. Saura ki je ki karɓo takardarki."

Wannan darasi ko tambaya ɗaya ba a yi a kansa ba a jarrabawar. Amma na ci, kuma da maki mai kyau. Da na kira ka na faɗa maka, ban ji abin da ka ce ba, sai ihu da ƙarar kujera da ta faɗi. Malama Habsu ta ce ranar har mai shagon unguwa sai da ka tsayar ka gaya masa. A bara da aka rantsar da mu a matsayin likitoci a Sakkwato, ana kiran sunana na ji wata murya daga can baya ta rufe ta kowa. Ban waiwaya ba, na san mai ita.

Ba ni kaɗai ba ce. A wurin zaman makoki Zayyad ya ba da labarin yadda ka sa shi ya yi maka bayanin janareton masallaci har ya gane darasin da ya kusa kayar da shi. Williams ya taho daga Jos, ya zauna cikin 'ya'yanka yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida, kuma ɗan gida ne.

Ganina na ƙarshe da kai a asibiti ne, ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarka. Na taho daga Gusau inda nake aiki. Jikinka ya yi rauni, magana da ƙyar take fita, amma idonka na kan ledar ruwan da aka rataya maka. Ka yafito ni da hannu ka ce, "Likita, mi ke cikin wannan?" Na ce gishiri ne da ruwa. Ka ce, "Don mi ba ruwa zalla ba?" Na ja kujera na zauna na yi maka bayani da Hausa tun daga farko, kana lumshe ido kana gyaɗa kai. Da na gama ka yi murmushi ka ce, "Allah mai hikima." Kalmar da na ji daga bakinka ta ƙarshe ke nan.

Ya Allah, ga bawanKa Lirwanu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya duk majinyacin da ɗalibansa suka duba, da duk maganin da suka haɗa, da duk fitilar da suka kunna, cikin ma'aunin ayyukansa na alheri. Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Habsu, uwarmu, da 'ya'yansa Abdullahi da Binta da ƙannensu, da 'yan uwansa na Gummi, da abokan aikinsa, da ɗalibansa na Anka da Bukkuyum da duk inda karatu ya kai su. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya albarkaci bayansa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, mu tafi muna yabon hikimarSa kamar yadda Malam ya tafi. Amin.