Ƙwaryar da Inna Gambo ta rufe

Kafin liman ya sallame sallar asuba Inna Gambo ta hura gawayi. Sai ta shimfiɗa buhu a gindin dalbejiyar ƙofar gidanta, ta sa wuƙaƙe uku a wuta, ta ɗora ƙwarya a cinya. In wuƙa ta yi ja, ta ja ta a jikin ƙwaryar, hayaƙi ya tashi, zane ya fito baƙi wuluk. Shekara arba'in haka take yi. Duk gidan da ka sha fura a Matameye, ko a Dungu, ko a Yauri, juya ƙwaryar ka duba, da wuya ba hannunta za ka gani ba. Bana idonta ya yi hazo, ta ajiye wuƙa. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani.

'Yata Sadiyya a wurinta ta koyi aiki, shekara tara suna zaune gwiwa da gwiwa. Zanen ƙarshe a kowace ƙwarya shi ne zoben da ke zagaye bakinta. Sadiyya ta iya komai, amma ba ta taɓa haɗa zoben nan ba. Sai ta zagayo, saura faɗin ɗan yatsa, ta miƙa ta ce, "Inna, rufe mini."

"Ke dai malalaciya ce," in ji Inna Gambo. "Ran da na mutu wa zai rufe miki?"

"Sai in biyo ki da ita."

Su yi dariya, Inna ta rufe.

Sadiyya ce ta riga ta tafiya. Zazzaɓin damina, kwana uku, mijinta Hamisu yana Kano bai ma iske jana'iza ba. Ta bar ƙwarya guda da ta zana domin ni, da sawun zabi a gindinta, zoben bakinta a buɗe. Bayan sadakar arba'in na kai wa Inna Gambo. Ta karɓa, ta kife ta a kan rumbu.

Daga ranar hannunta ya ƙi. Za ta ɗauki sabuwar ƙwarya, ta yi zane lafiya lau, ta zagayo da zobe. In ya rage faɗin ɗan yatsa, sai hannun ya tsaya cak a sama, har wuƙar ta huce. Ba ciwo ba ne, don da hannun take daka, da shi take jan guga. Ƙore suka taru a bayanta, kowace da 'yar ƙofa a baki. Ran kasuwa ta daina fita.

Hauwa mai ƙosai, maƙwabciyarta, ita ta fara ba da labari. Ta ce da hantsi, rana tsaka, babu kowa a layin, tana ganin Inna Gambo ta juya hagunta, inda buhun Sadiyya yake, ta miƙa hannu kamar mai karɓar abu.

"Gambo, da wa kike magana?"

"Soya ƙosanki, uwar sa-ido."

Daga baya Inna Gambo ta gaya mini da bakinta. Ta ce duk sanda wuƙa ta iso wurin nan, sai ta ji muryar, a hankali, dab da kunnenta: Inna, rufe mini. Ba a mafarki ba. Kaji na tono, yara na wucewa lakwal ɗaukar karatu, ita kuwa tana ji.

Mata suka daina zama a gindin dalbejiyar. Masu ɗaukar ruwa suka canza hanya. Malam Cha'ibu ya ba ta rubutu ta sha, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, addu'a yake bukata. Ta sha, ta yi addu'ar, hannun bai saki ba.

Ni kuwa ina zuwa kullum in zauna a kan buhun. Ina kasa kunne har kaina ya yi ciwo. Ni da na haife ta, ko sau ɗaya ban ji ba.

Abin da ya sa nake jinjina mata shi ne, ba ta kashe wutar ba. Wata bakwai babu ƙwarya ko ɗaya da ta gama, amma kowace asuba sai ta hura gawayi. Ta koma tsintar sakaina a bayan gida, fasassun da ba mai so. A kansu take zana 'yan zobba kamar bakin kwalba. Ta ce a kan abin da ya riga ya fashe babu abin ɓatawa, hannu ba ya jin tsoro. Daga sakaina ta koma ludayi. Daga ludayi ta koma ƙoƙo. Kullum a ƙara faɗi kaɗan.

Wata safiya na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya Gambo, in tsoro kike ji, ba ni kayana in kai wa wani ya rufe."

Ta daɗe tana kallon garwashi. Sannan ta ce, "Tsoron Sadiyya? Yarinyar da na goge wa majina? Ba ita nake tsoro ba. Tsoro nake in rufe, ta daina kirana."

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta tashi ta sauko da ƙwaryar daga kan rumbu, ta busa ƙurar, ta zaɓi wuƙar Sadiyya mai ɗaurin tsumma ja. Da ta kai ta bakin zoben hannun ya tsaya. Ta juya hagu ta ce, "To, na ji. Kawo." Ta ja. Hayaƙi ya tashi siriri, ya miƙe sama, ko iska babu. Zobe ya haɗu.

Ta kasa kunne. Can ta ce, "Ta tafi."

Ba ta ƙara jin muryar ba. Ran kasuwa ta gaba ta fita da ƙore goma sha ɗaya, duk a rufe, ta kuma yi shekara shida tana aiki.

Inna Gambo, mai wutar da ba ta mutuwa. Ke ce kika yarda kika rasa muryar nan don in sami ƙwaryata. Ke ce kika nuna mana yadda ake yi in hannu ya ƙi: a zauna a wurin aikin, a hura wutar, a fara da sakaina. Duk mai ɗinki, mai saƙa, mai lalle da zuciyarsa ta tsaya, ya je gindin dalbejiyar nan ya gaishe ki tun kina nan. Na gode, Allah ya saka miki, ya ji ƙan Sadiyya.

Da ƙwaryar nake shan fura yanzu. Kullum sai na bi zoben da ɗan yatsa, ina neman inda hannun 'yata ya tsaya, naki ya kama. Har yau ban gano wurin ba.