Kofuna Ɗari Shida a Kan Teku

Ka taɓa ƙwanƙwasa kofin tangaran da farce ka saurari kukansa? Lafiyayye yakan ja "tiiin" mai tsawo. Mai tsaga kuwa "tak" zai ce, ya yi gum.

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Tangaran tana wannan sauraro, a shagonta mai kanta bakwai da taga ɗaya. Tun tana ƙarama mahaifinta ya gaya mata addini ya hana mutum sayar da abin da bai shigo hannunsa ba. Ita kuma ta ƙara da nata: sai ya shigo kunnenta.

Bana ta sayi kofuna ɗari shida daga ƙetare. Suna cikin jirgin ruwa, saura kwana goma sha tara. In kasuwa ta lafa da azahar, sai ta jingina da kantar shagon ta lumshe ido, ta hango su kwance cikin kwali, teku na jijjiga su kamar jarirai, suna ta ƙus-ƙus da junansu.

Ana haka ƙanenta, mai dillanci ta waya, ya faɗo shagon yana haki.

"Yaya, kakarki ta yanke saƙa! Wani mai otal zai kwashe duka yau, riba ninki biyu."

"Ya kwashe me? Ruwan teku?"

"Takarda ake sayarwa yanzu! Kaya kan sauya hannu goma kafin jirgi ya ga tudu."

"Hannu goma, ba kunne ko ɗaya? In sun fashe, wa zai yi kuka?"

"Na ƙarshe mana."

"To, auta, ba ni zan miƙa masa kukan ba."

Ba ta taɓa samun ciniki mai girman wannan ba. Mai otal ya jira kwana uku, ya nufi wani shagon.

Da kayan suka iso, kwana biyu ta yi a kan tabarma tana ƙwanƙwasawa. Ɗari biyar da hamsin da bakwai suka rera. Arba'in da uku suka ce tak, ta shuka na'ana'a a ciki ta jera a taga.

Yanzu huɗu take sayarwa a rana, wani lokaci biyar. Auta har yau yana mita, amma kafin ya kurɓi shayi, sai ka ga farcensa ya taɓa bakin kofi a sace.

Ɗauko naka kofin, don Allah, ka ƙwanƙwasa ka ji.