Ranar Da Inna Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Auwalu, kuma har yau in mota marar lamba ta tsaya a bakin layinmu na Dutse Alhaji, sai in koma cikin gida in rufe ƙofa. Irinta ce ta ɗauke shi daga rumfarsa ta kayan waya a kasuwar Utako, da rana tsaka, maƙwabtansa na kallo ba wanda ya ce uffan. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da ina wurin, shirun zan yi.

Wata da watanni ba mu san inda yake ba. Wata lauya 'yar Filato da ke sayen caja a wurinsa ita ta shigar da ƙara a kotun tarayya da sunan Inna, mahaifiyarmu. Abin da ta nema shi ne a tilasta wa masu tsare shi su kawo shi gaban alƙali, su faɗi laifinsa ko su sake shi. Lauyansu ya ce akwai wani a hannunsu, amma da wani sunan suka san shi, don haka ba namu ba ne. Alƙali ya ce a kawo shi uwar ta gani.

Da aka shigo da shi ban gane shi nan take ba. Yaya mai ƙiba, mai surutun da har kwastomomi ke roƙo ya bar su su tafi, ya koma ƙashi da fata. Aka tambaye shi sunansa, ko kai bai ɗaga ba. Sai alƙali ya tambayi Inna ta bakin tafinta: "Wane ne wannan? Faɗi sunansa."

Inna ta yi shiru.

Auwalu ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi a Katsina ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa, ko da ya yi gemu. Mu mun san kunya ce, kotu ba ta sani ba. Lauyansu ya miƙe yana gyara riga, ya ce ga shi uwar ma ba ta san shi ba. Motar da ta kawo shi tana waje tana jira, kuma na san in ta koma da shi, shi ke nan.

Lauyarmu ta sunkuyo kusa da Inna. "Mama, don Allah ki kira sunan shi. Oga alƙali bai san wannan kunya naku ba. In kin yi shiru za su tafi da shi."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can ta ce, "Auwalu ne. Ni na haife shi." Sai ya ɗago kai.

An sake shi, amma bai yi shekara ba, tarin da ya fito da shi ya ci ƙarfinsa. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani a can ba, mu ma tsoro bai bar mu mun tambaya ba. Sau ɗaya na ji dariyarsa kafin ya rasu, ranar da ya ce mini, "Ashe Inna ta san sunana."

Da yana nan, ban san me zai ce ba in ya ga wani ke sayar da takalma a rumfarsa, kuma har yau in na je kasuwar aka zo kan zancensa sai a yi ƙasa da murya. Ina jin tsokana zai yi, ya ce mu matsorata ne. Ba zan musa ba.

Ɗana na fari, Bashir, ya fara zuwa Utako koyon gyaran waya. Kullum da safe nakan tsaya a bakin ƙofa in kira sunansa da ƙarfi, tsofaffin layinmu suna cewa ba ni da kunya. Su yi ta faɗa. So nake bakina ya saba, kada wata rana a tambaye ni in yi jinkiri.