Ranar Da Na Wanke Injin Motar Aro Da Buta

Wata rana a tsakiyar damina, ni da abokaina muka tafi ɗauko amaryar abokinmu Nafi'u daga wani ƙauye bayan Bakori.

Kun san yadda ake yi. Haɗa motoci aikin abokan ango ne. Wannan ya aro ta yayansa, wancan ta maigidansa.

Ni kuwa na aro wadda ba a arowa.

Motar Sista Barira ce, maƙwabciyarmu a Funtuwa, ungozoma a asibiti. Tun da mijinta ya rasu ita take tuƙa abarta, kuma duk layinmu an san ba ta ba da aronta. Ko ƙannenta ba sa samu.

Ummata ce ta shiga ta roƙar min.

Da Sista za ta miƙo min makulli, sai da ta ɗan riƙe shi a hannunta.

Ta ce, "Jazuli, aikin rana ne da ni. Ina idar da azahar zan fita. Ka dawo min da ita kafin nan."

Na ce, "In sha Allahu, Anti."

Da sassafe muka kama hanya. Ashe an kwana ana ruwa a can. Akwai wani kwari kafin ka shiga ƙauyen, ruwa ya kwanta, jar laka ta kwaɓe kamar za a yi gini da ita.

Muka ratsa a tafiya. Muka sake ratsawa a dawowa, da amarya da ƙawayenta da kwanukan gara.

Allah ya taimaka, ba wadda ta maƙale. Muka sauke amarya a ɗakinta, mata suna ta guɗa.

Saura abu ɗaya. A wajenmu ba a mayar da motar aro da datti. Abin kunya ne, kuma ba kai kaɗai za a zaga ba, har gidanku.

Sai muka wuce wajen wanki, ni da Tasi'u, wanda shi ma motar yayansa ya aro.

Mai wankin wani dattijon mutum ne mai fara'a, ya naɗe ƙafar wando, ga injin feshinsa yana ta ruri. Da motar Tasi'u ya fara. Aka ɗaga bonet, injin yana kunne, ya saita tiyo ya sakar masa ruwa da ƙarfi.

Tururi ya tashi kamar an buɗe tukunyar dambu.

Kafin ka ce me, an gama. Ya juyo wajena.

Na ɗaga bonet ɗin motar Sista. Wani zafi ya bugi fuskata. Laka ko'ina: kan wayoyi, gefen batir, ƙasan injin. Lagireto mai sanyaya injin kuwa ta toshe da laka da ciyawa. Dama tun a hanya na lura allurar zafi ta ɗan ɗaga.

Mai wanki ya ɗago tiyo.

Na ce, "Baba, dakata tukuna."

Ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Injin da zafi. Kuma wannan ruwan ya yi ƙarfi."

Tasi'u ya kwashe da dariya. "To fa. Injiniya ya tashi. Baba, ka yi haƙuri, bana ya gama jami'a, abin bai sake shi ba. Ko shayi za a ba shi sai ya tambayi ma'aunin zafinsa."

Dattijon ya yi murmushi. "Ni dai abin da mai mota ya ce shi nake yi, samari. Amma kullum haka muke wankewa."

Na san haka ne. Ni ma tun ina yaro haka nake gani.

Amma yanzu na san abin da ban sani ba a da. Ƙarfen da ya ɗau zafi, in ka watsa masa ruwan sanyi farat ɗaya, yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Ruwan feshi mai ƙarfi kuma ba ya tsayawa a kan laka. Yana kutsawa cikin mahaɗar wayoyi, cikin altaneta mai cajin batir, cikin ramin fulogi. Motocin yanzu ma har ƙwaƙwalwa gare su, ita kuwa ba ta shiri da ruwa.

Wani lokaci ba a ranar abin yake nunawa ba. Sai gobe, ko jibi, mota ta ƙi tashi.

Na tuno wacece mai motar. Matar da ake kira daga asibiti a ce wata tana kan gwiwa, ta taho yanzu.

Na duba rana. Azahar ta kusa.

In na bari a fesa, zan isa kan lokaci. In na jira injin ya huce, na saɓa alƙawari. Akwai kuma hanya ta uku, Tasi'u ne ya kawo ta.

Ya ce, "Kai, a wanke jiki kawai ka rufe bonet. Yaushe rabon Sista da ta leƙa injin? Ka zo mu tafi, an fara rabon shinkafa a gidan su ango."

Na ce, "Lagireton a toshe take. In ta shiga cunkoso da ita a haka, tafasa za ta yi."

Ya ce, "To sai ka zauna ka yi mata fifita."

Ya shiga motar yayansa, ya murza makulli. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta tashi lafiya lau. Har ya danna min hon ya ɗaga min hannu.

Na tsaya ni kaɗai da waya a hannu. Wannan ne karon farko da ta ba wani motarta, ga shi zan kira in ce ba zan cika magana ba.

Na kira.

"Anti, mun dawo lafiya. Motar ma lafiya. Amma laka ta cika injin, kuma da zafi. In aka wanke yanzu zan iso kan lokaci, sai dai ban da tabbacin abin da zai biyo baya. In na jira ya huce, zan makara."

Ina jin ƙarar famfo a gidanta, da alama alwala za ta yi.

Ta ce, "Kai me karatunka ya ce?"

Na ce, "Ya ce a jira."

Ta ce, "To jira. Zan hau adaidaita. Ka same ni a asibiti."

Ta kashe.

Jama'a, tun da na gama karatun injiniya ake tambayata yaushe zan tafi bautar ƙasa, yaushe zan samu aiki, yaushe zan yi aure. Ba wanda ya taɓa tambayata me karatuna ya ce.

Sai ranar.

Na bar bonet a buɗe, muka tura motar inuwa. Na je na yi sallah a masallacin gefe, na dawo. Na jira har sai da na iya ɗora bayan hannuna a kan injin ban janye ba.

Na ari sifana wajen wani mai faci, na kwance kan batir, ɓangaren baƙar waya, na kawar da shi gefe.

Na sayo leda a shagon kusa. Na rufe altaneta. Na rufe akwatin fiyus. Na rufe bakin da injin yake shaƙar iska, da ƙwaƙwalwar, da kan koyil mai kai wa fulogi wuta. Ko'ina na ɗaure da kyauro.

Dattijon yana tsaye yana kallona, ya riƙe ƙugu.

Ya ce, "Kamar mai ɗaurin ƙosai."

Na ce, "Baba, ko da akwai tsohon buroshi?"

Ya kawo guda biyu. Ya ba ni ɗaya, ya riƙe ɗaya.

Muka fara kankare busasshiyar lakar tukuna, ba ruwa. Sannan muka kaɗa ɗan omo a bokiti, muna tsoma buroshi muna gogawa a hankali. Ya ce a kawo fetur a wanke maiƙon, na ce a'a, fetur yana cinye roba, ga haɗarin gobara. Ya gyaɗa kai, bai yi musu ba.

Da aka zo ɗauraya, ya kai hannu ga tiyonsa, sai ya fasa da kansa. Ya kalle ni.

Na waiga, na hango butocin masallaci a jere.

Na nemi izinin ladan, na ɗauko ɗaya.

Da buta muka ɗauraye injin nan. Ina tsiyayawa a inda nake so, yana bi da buroshi. Lagireto ma a hankali muka bi ta, har haske ya fara ratsa ramukanta, jan ruwa yana gangarowa ƙasa.

Ana cikin haka Tasi'u ya turo min hoton farantinsa, da cinyar kaza a kai. Ya rubuta, "Injiniya, ta huce ko a kawo ƙanƙara?"

Hannuna duk laka. Na ci gaba da aikina.

Muka tsane ko'ina da tsumma, muka bari iska ta bi ta kai. Na kwance ledojin, na sake dubawa sau biyu, don leda ɗaya in ka manta a jikin injin, narkewa za ta yi. Na mayar da kan batir na ɗaure.

Na ce bismillah, na murza.

Ta tashi. Ba tari, ba kakkarwa, ba wata fitila da ta kama a gaban direba. Na bar ta a kunne har sauran danshin ya bushe.

Dattijon ya sunkuya yana sauraron injin. Ya ɗago ya ce, "Samari, in mai irin wannan motar ya zo, wanne da wanne ka ce a rufe?"

Na sake nuna masa. Tun ranar nake ta tunani. Me zai hana mu da muka karanta wannan abin mu riƙa zagaya wuraren wanki ranar Asabar? Ba lacca ba. Leda, buroshi, buta, mu yi tare. Har ɗan bidiyo da Hausa ina son yi. Amma wannan zancen wata rana ne.

La'asar ta yi kafin in isa asibiti. Kayan bikin da na ɗinka sun zama abin tausayi.

Sista ta fito da farin kayanta, da alama daga ɗakin haihuwa take. Ta kalli shaddata, ta kalli motar.

Ta shiga, ta murza. Ta saurara. Ta kai hannu ga rediyo.

Ta ce, "Ina tashoshina?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Na cire kan batir ne, Anti, shi ya goge su. Yanzu zan mayar miki."

Ta ce, "Ka ci abinci?"

Na ce, "A'a."

Ta kashe motar, ta fito, ta miƙo min makullin.

Ta ce, "Ka kai ta gida, ka ce Umma ta ba ka abinci. In na tashi zan kira ka ka zo ka ɗauke ni. Kuma ranar Asabar akwai sunan jikata a Malumfashi. Kai za ka tuƙa."

Ta juya ta koma wajen masu haihuwa.

Darasi:

Don wani ya yi ganganci ya tsira, ba shi ne ya mai da gangancin daidai ba. Musamman in abin ba naka ba ne.

In ka ga ba za ka cika alƙawari ba sai da ɓarna, kira mai abin ka faɗa masa gaskiya. Bar shi ya zaɓa.

Ku kuma 'yan uwana da muka gama karatu muna jiran aiki: abin da ke kanku yana da amfani tun yau, ko a wajen wankin mota ne.

Kar a wanke injin da zafi. Kar a sakar masa ruwa mai ƙarfi. A rufe kayan wuta.

Tura wa abokin nan naka da kullum shi ne mai aro mota ranar biki, da duk wani mai wanki da ka sani.