Malam Mu'awiya Atu Sanyinna da Ƙayar da ya Raina

Haihuwa da karatu

An haifi Mu'awiya a Sanyinna, ƙasar Tambuwal, a shekarar 1964, ɗa ga Malam Atu manomi da Malama Ma'u. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kammala firamare da sakandare, ya sami shaidar aikin lafiya a Sakkwato a 1988.

Aiki da iyali

A 1989 aka tura shi ƙaramin asibiti a Jabo, a 1996 aka mayar da shi Kebbe, inda ya yi suna wajen faɗa da duk wanda ya kwana da ciwo a gida. Ya auri Mas'uda a 1991. Ya yi ritaya a 2023, ya koma gona.

Jinya

A watan Satumba na 2024, a wurin wata walimar suna, ƙayar kifi ta maƙale masa a maƙogwaro. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana hana jama'a dabarun gida, shi ne ya sa aka kawo tuwo, ya haɗiyi manyan lomomi uku ba tauna, wai don su tura ta. Sun kuwa tura ta.

Bayan mako uku da ciwon ƙirji da zazzaɓi, ya yi aman jini kaɗan, sannan da ƙyar 'yarsa Khairiyya ta kai shi Sakkwato. Hoton na'ura ya nuna abin da likitoci suka ce ba kasafai ake gani ba: ƙayar ta huda hanyar abinci ta soki babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, jini ya tsiyayo ya taru a gefenta kamar 'yar jaka, ba abin da ke riƙe da shi sai naman da ke kewaye. Suka ce a kwantar da shi nan take kafin a shirya tiyata.

Ya ƙi, saboda geronsa ya isa yanka. An ruwaito cewa ya ce wa likitan da ke duba shi, "Wa ƙaya tat taɓa kashewa? Shekara nawa nika aikin ga." Ya sa hannu a takardar sallama, ya koma Kebbe, ya hau babur zuwa gona. Wannan taurin kai ne, kuma duk ƙaunar da ake yi masa ba ta canja wa abin suna ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Asabar, 19 ga Oktoba, 2024, da hantsi, a bakin gonarsa, yana da shekara sittin. An yi masa sutura a Kebbe bayan azahar. Allah ya jiƙansa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Attahiru, Nasrullahi, Hamdiya, da Khairiyya, wadda ita ta ɗaga wayarsa ranar sadakar uku, lokacin da likitan ya kira ya ce an gama shirin tiyata, a taho da shi gobe.