Kujerar Goggo Mai Hanci

Goggo Mai Hanci ba ta taɓa kai taba bakinta ba, amma shekara talatin babu ganyen da ya fita daga gidansu bai bi ta ƙarƙashin hancinta ba. Tun mahaifinsu yana yanka taba da wuƙa a kan katako take zama a wata gajeriyar kujera bakin rumfar shanya, ta murza ganye a tafin hannu, ta shinshina, ta jefa dama ko hagu. Na dama na sayarwa ne. Na hagu kuwa, ko kuka za ka yi, ya tafi.

Da ƙanenta Auta ya gaji sana'ar, sai ya sayo injin yanka na juyawa da hannu, kansa ya kumbura.

"Yaya, ki huta haka nan," in ji shi. "Inji ba ruwansa da hanci."

Aka kai kujerar ɗakin tarkace. Abin ya ci wa Goggo rai ƙwarai.

Ana saura kwana uku wakilin kamfanin sigari ya zo duba kaya, Auta ya ga ya kamata a burge baƙo. Ya sa aka shafe sito da koren fenti, ran nan kuma aka jibge damman taba a ciki. Ita kuwa taba, duk warin da ta kwana da shi sai ta kwashe. Kowa a gidan ya san haka, ban da mai inji.

Da safe Goggo ta zo wucewa, ta ja birki a ƙofar sito.

"Auta! Taba za ka sayar wa mutumin nan ko bango?"

Ya shinshina ganye ɗaya, warin fenti ya bugi hancinsa. Aka yi ta fito da kaya a guje. Goggo ta zauna a ƙasa dirshan, kwana biyu tana dama da hagu, har ta ceto fiye da rabi. Wakili ya zo, ya yaba, ya ce a riƙa kai masa duk kaka.

Da yamma sai ga Auta da kujerar a ka, yana sunkuyar da ido.

"Yaya, duk ta koɗe. Ko in sa a ɗan..."

"Ka kuskura ka shafa mata fenti!" Ta karɓe abarta, ta zauna, ta miƙa hannu. "Miƙo ganye."