Tafiyar Garki da Ta Raba Mini Tuwo Biyu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da wani abokin aikina na garejin Apo. A ƙauyenmu ya kwana don ya raka ni. Ban karya ba. Ruwa na sha, na ɗauki sandata.

Ga wanda bai sani ba, ni makanike ne, aikin giyabos nake yi, wato akwatin giyar mota. Bara motar haya ta kife da mu a hanyar Kaduna. Wasu ba su tashi ba. Ni na tashi da ƙarfe a cinya. Na daɗe a kwance a gidanmu da ke bayan Bwari. Da na miƙe, hannuwa sun tsotse, ƙafa ta koma kamar kara, tumbi kuma ya fito. Oganmu ya riƙe mini gurbina duk tsawon jinyar, amma kwanan nan ya aiko cewa aiki ya yi yawa, in ba zan iya ba zai sa wani. Da gurbin nan nake ciyar da gidana. Shi ya sa na fito: in ga wata mai horar da waɗanda suka tashi daga jinya a Garki, daga nan in wuce Apo in tsaya gaban oga.

Acaɓa ya fitar da mu Bwari cikin taɓo, don an kwana ana ruwa. Matan Gwari sun riga mu fitowa, itace a kafaɗa, ko haki ba sa yi. Sabuwar doya jibge a bakin titi. Ɗaliban makarantar lauyoyi na tsaye cikin baƙi da fari kamar za su gaisuwar mutuwa. A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake hawa, amma ba wanda ya yi musu, kowa ya gaji. Wani dattijo da ke gaba ya kalli sandata, ya sauko ya bar mini kujerar, ya koma baya ya matsu da mutane. Ban san shi ba. Allah ya saka masa.

A Dutse cunkoso ya riƙe mu. Masu ƙosai da masa suka yanyame motar. Abokina ya saya ya miƙo mini, na ce a'a. Ya ce, "Kai dai azumin da ba lada kake yi." Da gaskiyarsa. A gida na haɗa ƙarfen ɗagawa da bututu da siminti a gwangwanin fenti. Wani a majalisa ya ce mini tuwo ke kawo tumbi, in riƙa ɗaga ƙarfe ciki ba komai. Haka nake yi. In ɗaga, jiri ya kwashe ni, in wuni da yunwa, bayan isha in zauna wa tuwo malmala kan malmala in kwanta. Hannu bai cika ba, tumbi bai sauka ba.

Da muka hau babban titin Kubwa direba ya taka wuta. Na ga hannuna ya damƙe ƙofa ban sa shi ba. Jiki bai manta ba. Na bar shi ya riƙe har Area 1.

Wurin yana saman wani shago a Garki, tsakanin tsofaffin gidajen ma'aikata. Matakalar ta ba ni aiki. A ciki na tarar da manyan ma'aikata na ta gudu a kan inji, ba sa zuwa ko'ina. Na kalle su, na wuce.

Matar 'yar Filato ce, gajera, da gicciye a wuya. Hausarta irin ta Abuja, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Ta tambaya ko likita ya yarda in ɗaga nauyi, na ce ya yarda. Ta tambaya ko ina da ciwon suga, na ce an gwada, babu. Sai ta ce, "Oga, kin karya?"

Na ce, "Ni namiji ne. Kuma ban karya ba."

Ta ce, "Namijin da bai karya ba, ba za ta taɓa mini ƙarfe ba."

Na faɗa mata yadda nake cin abinci. Ta ce ina tuƙa mota ba mai, sai na yi fakin nake cika tanki. Nan na kama ta. Na ce man da aka zuba da dare ai yana nan da safe. Ta yi dariya ta ce haka ne, wani yana nan, amma tankin ƙarami ne. Ta nuna cikina da biro: "Wanda ya yi ambaliya, ga inda ta tafi."

Ta tura abokina ƙasa ya sayo kunun gyaɗa da ayaba. Na sha, na ci, ta ce in zauna sai ya faɗa. Na zauna ina kallon masu gudu. Sannan ta sa ni aiki: tsugunno a hankali, tura nauyi da ƙafa, ja da hannu. Na yi gumi, cinya ta yi zafi. Ina ta jiran jirin nan, bai zo ba.

Bayaninta ba shi da yawa. Tuwo, shinkafa, doya, dankali, duk mai ne, ba abokan gaba ba. A sa su kusa da aiki. Mai sauƙi kaɗan kafin a fara, mai nauyi bayan an gama, tare da wake ko ƙwai ko kifi, don su ke gina tsoka. Da dare a rage tuwo a ƙara miya da ganye. Ranar hutu a rage gaba ɗaya. Lemon kwalba a bar shi. Ta ce kada in ɗauka canza lokaci zai yafe mini yawan ci, kuma ba aikin mako ɗaya ba ne.

Na ce wa zai tuƙa mini tuwo da sassafe? Ta ce, "Ba ku ɗumame a gidanku?" Na ce ana yi, amma na yara ne. A gidanmu magidanci ba ya zama kan tuwon jiya, waje yake fita ya sha shayi. Ta ce, "To daga yau kin zama yaro. Raba tuwon dare biyu. Rabi ki ci, rabi ya jira ki sauke ƙarfe da safe." Abokina ya yi dariya har da riƙe bango.

Mun sauka muka ci shinkafa da wake da kifi wurin wata mai abinci ƙarƙashin bishiya. Abincin Garki akwai tsada, kifin kuma sai ka nema. Amma na ci da rana tsaka ba tare da jin na yi laifi ba. Rabona da haka tun kafin hatsarin.

Daga Area 1 muka shiga tasin haɗaka zuwa Apo. Tun daga nesa na ji warin baƙin mai da ƙarar guduma. Oga ɗan Binuwai ne, ba ya son dogon zance, ni ma haka. Ya fito daga ƙarƙashin mota ya kalle ni sama da ƙasa, ya nuna wani giyabos a ƙasa. Na jingine sanda. Abokina ya kama gefe, na kama gefe. Muka ɗora shi kan benci. Ƙafata na rawa, kowa ya gani.

Oga ya ce, "Ka ɗaga, amma ƙafa bai tsaya ba."

Na ce, "Na sani."

Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana kallon bencin. Sannan ya ce in dawo in zauna a nan ina kwancewa ina ɗaurawa, wasu su riƙa ɗagawa har ƙafa ta tsaya. Gurbi nawa ne. Na ce na gode. Abin da ya iya fita ke nan.

Na iso gida ana kiran magariba. Na faɗa wa maiɗakina komai. Ta ajiye muciya ta ce, "Yanzu har Garki ka je a ce maka ka ci ɗumame? Kullum ina ajiye maka kana tura wa yara." Na ce ta raba mini tuwon daren nan biyu.

Abin da na koyo kaɗan ne. Yunwa ba ta gina jiki, kuma abinci yana da lokacinsa kamar yadda aiki ke da nasa. Na kuma ga cewa akwai mutanen kirki a hanya, daga dattijon kujerar gaba har matar da ta mayar da ni yaro. Na gode wa Allah da ya bar ni da ƙafa, ko da tana rawa. Yau da safe na sauke ƙarfe, na zauna kan tabarma tsakanin yarana, aka zuba mana a kwano ɗaya. Litinin zan koma Apo.